Marit Bjørgen: Yadda Sassauta Atisaye Ya Farfaɗo da Tauraruwar da Aka Ɗauka Ta Dushe

A ranar 25 ga Fabrairun 2018, a tsere na ƙarshe na gasar Olamfik ta lokacin hunturu da aka yi a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, Marit Bjørgen ta ƙasar Norway ta kammala tseren zamiya na kilomita 30 a kan dusar ƙanƙara, ta bar wadda ke bin ta, Krista Pärmäkoski ta Finland, da tazarar minti ɗaya da daƙiƙa 49. Shekarunta 37 a lokacin, tana da ɗa mai shekara biyu, kuma wannan ce lambar yabonta ta 15 a Olamfik, adadin da babu wani namiji ko mace da ya taɓa kaiwa a wasannin hunturu. Abin da ya fi adadin ɗaukar hankali shi ne rabonsa: lambobi biyu kacal ta samu kafin shekarar 2010, sauran 13 kuwa ta tattara su ne daga lokacin da ta doshi shekara talatin, bayan wasu shekaru uku da masu sharhin wasanni a ƙasarta suka fara yi mata kallon wadda zamaninta ya wuce. Wanda ke son fahimtar wannan tarihi sai ya fara da fahimtar wasan kansa, domin a cikin tsarinsa ne dalilin faɗuwarta da dalilin tashinta suke.

Tseren zamiya na dogon zango ya sha bamban da wanda aka fi nunawa a talabijin, inda ɗan wasa ke gangarowa daga kan tsauni nauyin jikinsa na jan sa. A nan mutum ne ke tura kansa, da dogayen alluna biyu sirara a ƙafa da sanduna biyu a hannu, a kan hanyar da aka tsara ta yadda kusan kashi ɗaya cikin uku hawa ne, kashi ɗaya gangara, sauran kuma tudu da kwari. Fiye da rabin lokacin tseren a hawa yake ƙarewa, kuma da yake ƙafafu da hannuwa da gadon baya duk suna aiki a lokaci guda, jiki na buƙatar iskar numfashi fiye da yadda yake buƙata a gudu ko tseren keke. Shi ya sa 'yan wannan wasa suke cikin waɗanda aka fi auna wa ƙarfin huhu da zuciya a duk fagen wasanni. Ana kuma yin sa cikin sanyin da doka ta yarda ya kai digiri 20 ƙasa da sifili kafin a dakatar da tsere.

Salo biyu ake yi. A salon gargajiya allunan na tafiya a jere cikin layuka biyu da aka zana a dusar, ɗan wasa na taka ɗaya ya zame da ɗaya. A ɗaya salon, wanda ya bazu a shekarun 1980 har hukumar wasan ta duniya, FIS, ta ware masa nasa tsere, ana tura allunan gefe da gefe, kuma ya fi sauri. Sannan akwai bambancin nisa. Gajeren tsere bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba, ana gama shi cikin kimanin minti uku, amma wanda zai yi nasara sai ya yi shi sau huɗu a yini guda: zagayen tantancewa da ke fitar da mutum 30, sai rukunan mutum shida-shida har zuwa zagayen ƙarshe. Mafi tsawo ga mata a zamanin Bjørgen shi ne kilomita 30, wanda kan ci sa'a ɗaya da kusan rabi. Neman mutum guda ya yi fice a duka biyun tamkar a nemi dokin sukuwa ne ya yi tafiyar raƙumin ayari, kuma mafi yawan 'yan wasa ɗaya suke zaɓa.

An haifi Bjørgen a ranar 21 ga Maris 1980, ta tashi a gidan noma a ƙauyen Rognes da ke kudu da birnin Trondheim, kuma da sunan ƙungiyar wasannin ƙauyen ta yi ta fafatawa a gasannin cikin gida. A matsayin gwanar gajeren tsere duniya ta fara saninta. Nasararta ta farko a jerin gasannin Kofin Duniya ta zo ne a birnin Düsseldorf na Jamus a 2002, shekarar da ta samu azurfa a tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu, inda kowace ke yin zangonta ta miƙa wa ta gaba, a Olamfik ta Salt Lake City, sannan a 2003 ta zama zakarar duniya a gajeren tsere a Val di Fiemme ta Italiya. Jikinta ma na irin wannan tsere ne, domin tana da faɗin kafaɗa da ƙarfin damtse da ba a saba gani ba a wurin mata masu wannan wasa a wancan lokaci. Da ta ci tseren kilomita 30 a gasar zakarun duniya ta Oberstdorf a 2005, ta haɗa da zinare biyu na ƙungiya, sai aka gane cewa ta fi ƙarfin a kira ta 'yar gajeren zango. Ta ɗauki Kofin Duniya na jimillar maki a 2005 da 2006.

Hanyar da ta bi ta kai ga wannan matsayi ita ce ta kusa kayar da ita. A waɗannan shekaru tana bin wani tsarin horo da ke tara atisaye mai tsanani a cikin 'yan kwanaki a jere, wani lokaci sau biyu a rana, sannan a huta, sannan a sake. Dabarar tana da hujjarta a kimiyyance, domin babu abin da ke ɗaga ƙarfin zuciya cikin gaggawa kamar aiki a kusa da iyakar numfashi, kuma sakamakon farko ya gaskata masu wannan ra'ayi. Matsalar ita ce jiki ba ya amsa wa tsanani ɗaya har abada. A Olamfik ta Turin a 2006, inda aka sa ran za ta kwashe zinare, ciwon ƙirji da na ciki suka kama ta, ta koma gida da azurfa ɗaya a kilomita 10. A gasar zakarun duniya ta Sapporo a 2007 tagulla biyu ta samu, dukansu na ƙungiya. A Liberec ta Jamhuriyar Cek a 2009 kuwa hannu rabbana ta dawo. A tsakanin nan Virpi Kuitunen ta Finland, daga bisani kuma Justyna Kowalczyk ta Poland, suka karɓe ragamar wasan.

Abin da ya biyo baya sananne ne dalla-dalla saboda wani dalili da ba kasafai ake samu ba: Bjørgen ta riƙa rubuta atisayenta na kowace rana tsawon shekaru, kuma ta miƙa littattafan ga masu bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta Norway da ke Trondheim, inda Guro Strøm Solli da Espen Tønnessen da Øyvind Sandbakk suka nazarce su, suka buga sakamakon a 2017. Binciken ya nuna cewa yawan atisayenta ya tashi a hankali daga sa'o'i 500 da 'yan kai a shekara, lokacin da take da shekara 20, zuwa kimanin 940 a shekarun da ta fi haskakawa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan lokaci na juriya ne, kimanin kashi 8 na ɗaga nauyi, ragowar na sauri. A cikin na juriyar kuma, fiye da kashi 90 cikin ɗari ana yin sa ne a sassauce, da saurin da mutum zai iya hira da abokin tafiyarsa ba tare da haki ba, yayin da mai tsananin bai kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Wannan lissafi yana da wuyar karɓa ga wanda ya saba da tunanin cewa gwargwadon wahalar atisaye gwargwadon ribarsa. Bayaninsa shi ne, doguwar tafiya a sassauce, sa'a biyu ko uku a daji, a guje ko a kan alluna masu taya da ake amfani da su a kan kwalta idan dusa ta narke, ita ce ke ƙara yawan ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka, ta koya wa jiki ƙona kitse a maimakon ƙarar da sukarin da ya adana, kuma tana yin haka ba tare da ta bar gajiyar da za ta hana aikin gobe ba. Atisaye mai tsanani yana nan, sai dai an rarraba shi cikin mako, an kuma rage masa kaifi, ta yadda duk ranar da aka zo yin sa jiki na da ƙarfin yin sa da kyau. Bayan Liberec, a ƙarƙashin kocin tawagar mata Egil Kristiansen, Bjørgen ta koma wannan tsari, ta ba gyaran salon tafiyarta da ƙarfafa tsokar ciki da baya muhimmanci, ta kuma nemi taimakon masana halayyar ɗan Adam kan yadda za ta daina ɗora wa kanta nauyin sakamako. A ganina kuskure ne a ce tsarin farko banza ne, domin shi ya ba ta kofuna biyu, kuma mai yiwuwa ƙarfin da ya gina ne tsari na biyu ya zo ya zauna a kai. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne tsarin farko ya ƙare mata cikin 'yan shekaru, na biyun kuwa ya riƙe ta shekara tara.

Shekara guda bayan Liberec, a Olamfik ta Vancouver a 2010, ta ci lambobi biyar: zinare a gajeren tsere, da tseren kilomita 15 mai haɗa salo biyu, da na karɓa-karɓa, tagulla a kilomita 10, da azurfa a kilomita 30, inda Kowalczyk ta riga ta da kashi uku cikin goma na daƙiƙa bayan sa'a ɗaya da rabi suna kafaɗa da kafaɗa. A 2011, a gaban dubban 'yan ƙasarta a Holmenkollen da ke Oslo, ta ci zinare huɗu na zakarun duniya, ta maimaita haka a Val di Fiemme a 2013, duk da cewa 'yan watanni kafin nan an kwantar da ita a asibiti saboda rikicewar bugun zuciya.

A Vancouver ɗin ne kuma aka tayar da maganar da ta bi ta har ƙarshen wasanta. Likitoci sun tabbatar tana da asma, kuma a 2009 ta samu izini a hukumance na shaƙar maganin Symbicort, wanda ɗaya daga cikin sinadaransa ke cikin jerin abubuwan da aka hana 'yan wasa sai da izini. Kowalczyk ta fito fili ta ce ba don maganin ba da Bjørgen ba ta kai inda ta kai ba. Zargin ya samu masu saurare saboda lokacin fara maganin ya zo daidai da lokacin farfaɗowarta, kuma wasan na da tabon da ya sa ba a yarda da kowa cikin sauƙi, tun daga abin kunyar gasar zakarun duniya ta Lahti da ke Finland a 2001, inda aka kama 'yan wasan Finland shida da amfani da haramtaccen sinadari. A ɗaya ɓangaren, asma ta yi yawa a tsakanin masu wannan wasa saboda dalilin da likitoci suka sani: shekara da shekaru ana zuƙar busasshiyar iska mai tsananin sanyi da ƙarfi yana ƙuje hanyoyin numfashi. Maganin yana buɗe hanyar da ta ƙuntata, kuma binciken da aka yi bai nuna cewa adadin da likita ke rubutawa na ƙara wa mai lafiyayyen huhu wani abin a zo a gani ba, har ma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta sassauta dokar wannan sinadari a 2012, ta sa masa iyaka kawai. Ba a taɓa hukunta Bjørgen kan wani laifi irin wannan ba. Sai dai tawagar Norway ta ba masu shakka abin faɗa a 2016, lokacin da aka hukunta Martin Johnsrud Sundby kan yawan maganin asma da ya shaƙa, aka kuma dakatar da Therese Johaug saboda wani sinadari da ke cikin man leɓe da likitan tawagar ya ba ta, hukuncin da ya kai wata 18 ya hana ta zuwa Pyeongchang. Adalci shi ne a faɗi duka biyun: babu hujja a kan Bjørgen, kuma babbar abokiyar hamayyarta a dogon zango ba ta cikin tseren da ta yi bankwana da shi.

Akwai wani ɓangare na nasara a wannan wasa da mai kallo ba ya gani, wato abin da aka shafa a ƙarƙashin alluna. Allon salon gargajiya a ɗan lanƙwashe yake, tsakiyarsa ba ta taɓa dusa idan nauyin mutum na kan ƙafafu biyu. A wannan tsakiya ake shafa wani danƙo mai kama dusa, gaba da baya kuma a shafa man santsi. Idan ɗan wasa ya tattara nauyinsa a ƙafa ɗaya ya danna, tsakiyar ta sauka, danƙon ya riƙe, ya samu abin turawa. Da ya ɗaga sai ta koma sama, allon ya zame. Danƙon da ya yi tauri ba ya riƙewa, mutum ya yi ta sulɓewa baya a kan hawa. Wanda ya yi laushi kuma yana tara dusa, ya daskare, allon ya ƙi tafiya. Zaɓin ya danganta da sanyin iska da laimarta da ko dusar sabuwa ce ko ta kwana, kuma ya fi wuya idan sanyi na kusa da sifili, inda gefen hanya mai inuwa da gefe mai rana ke buƙatar abu daban-daban. Manyan 'yan wasa na yawo da alluna gommai, ma'aikata na gwada su tun asuba, kuma Norway na zuwa gasa da babbar mota da aka mayar ɗakin aikin shafe-shafe, abin da ƙananan ƙasashe ba su da kuɗinsa.

Duk da haka dabarar kan kuɓuce musu. A Olamfik ta Sochi a 2014, matan Norway sun shiga tseren karɓa-karɓa a matsayin waɗanda aka daɗe ba a doke ba, amma allunansu suka ƙi gudu a dusar da zafi ya jiƙa, suka ƙare a matsayi na biyar, Charlotte Kalla ta ciyo wa Suwidin zinare. Mako guda bayan haka, a kilomita 30, matan Norway uku ne suka hau dandamali, Bjørgen da Johaug da Kristin Størmer Steira. Ƙafafun da huhun ba su canja ba a cikin kwana bakwai. Wannan ya isa ya nuna cewa wani kaso na kowace lambar zinare ta Bjørgen na ma'aikatan da ke cikin waccan mota ne, da kuma ƙasar da ta mayar da wannan wasa abin alfaharinta, inda yara ke fara shi tun suna koyon tafiya. A zamaninta ƙasashe kaɗan ne ke gasar da gaske, galibi na arewacin Turai da Rasha da 'yan wasu, kuma ɗan wasa irin Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci Nijeriya a wannan tsere a Olamfik ta Beijing a 2022, a Faransa ya tashi ya koye shi. Wannan ƙarancin masu gasa gaskiya ne da ya kamata a tuna idan ana kwatanta lambobinta da na masu gudun dogon zango. Amma 'yan Norway da dama sun samu irin motar da irin kocin, kuma babu wadda ta haɗa gajeren tsere da dogo tsawon lokacin da ta haɗa.

Wani abu da ke nuna yadda ta koyi tattalin ƙarfinta shi ne yadda ta yi da gasar Tour de Ski, jerin tsere na kwanaki da ake yi a ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, wanda ke ƙarewa da hawan gangaren tsaunin Alpe Cermis na Italiya. Gasar na ba da maki masu yawa, har ya zama da wuya a ɗauki kofin shekara ba tare da ita ba. Bjørgen ta ƙaurace mata a kakar Vancouver da kakar Oslo, ta bar wa Kowalczyk kofin jimilla, domin ta isa manyan gasanni da sauran ƙarfi. Kowalczyk ta ci gasar sau huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013, Bjørgen kuwa sau ɗaya tak, a 2015, shekarar da ta ɗauki kofin jimilla na huɗu bayan na 2012.

A ƙarshen 2015 ta haifi ɗanta na fari da abokin zamanta Fred Børre Lundberg, wanda shi ma ya taɓa cin zinaren Olamfik a 1994, kuma ba ta yi gasa ba a kakar 2015 zuwa 2016. Masu binciken Trondheim sun bi wannan lokaci ma. Ta ci gaba da atisaye a sassauce tana da juna biyu, fiye da sa'o'i 500 gaba ɗaya, tana rage nauyi yayin da cikin ke girma. Bayan haihuwa ta yi gaggawar komawa, sai ƙashin ƙasan gadon bayanta ya tsage, dole ta ja da baya ta sake ginawa a hankali. Wannan bayani na da daraja domin a lokacin likitocin wasanni ba su da cikakkun alƙaluma kan yadda mace mai irin wannan matsayi za ta dawo bayan haihuwa, kuma tsagewar ƙashin ta nuna cewa zuciya da huhu na iya shirya kafin ƙashi ya shirya. Wata 14 bayan haihuwar, a gasar zakarun duniya ta Lahti a 2017, ta ci zinare huɗu, uku daga ciki a tseren mutum ɗaya na dogon zango. A nan jimillar zinarenta na zakarun duniya ta kai 18, a cikin lambobi 26, kuma 14 daga cikin zinaren sun zo ne daga 2011 zuwa gaba.

A Pyeongchang shekaru sun fara nuna kansu, kuma ta san inda za ta kashe ƙarfinta. Ba ta shiga gajeren tsere na mutum ɗaya ba, fagen da ta fara suna a cikinsa. Kalla ta doke ta a tseren farko, sannan Bjørgen ta raba tagulla da Pärmäkoski a kilomita 10 bayan agogo ya ba su lokaci ɗaya, ta kuma samu wata tagullar a gajeren tsere na mutum biyu tare da Maiken Caspersen Falla a ranar da Kikkan Randall da Jessie Diggins suka ciyo wa Amurka zinarenta na farko a wannan wasa. A tseren karɓa-karɓa ita ce ta ƙarshe a tawagarta, ta riƙe Stina Nilsson ta Suwidin, wadda ta ci gajeren tsere a wannan gasa, ta riga ta da daƙiƙa biyu. Da zinaren kilomita 30 ta kai takwas, daidai da 'yan ƙasarta Bjørn Dæhlie da Ole Einar Bjørndalen, bayan tun da waccan tagullar da ta samu tare da Falla ta wuce lambobi 13 na Bjørndalen. A watan Afrilun 2018 ta sanar da ajiye gasa, tana da nasara 114 a tseren mutum ɗaya na Kofin Duniya.

Bayan ta haifi ɗa na biyu a 2019, ta koma wani reshe na wasan da ke da nasa ƙungiyoyi masu zaman kansu, wato tseren nisa mai tsawo da dubban mutane ke shiga tare. Mafi shahara shi ne Vasaloppet na Suwidin, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, inda manyan 'yan wasa a yanzu ba sa shafa danƙon riƙo sam, sai dai su tura kansu da sanduna biyu tun daga farko har ƙarshe, aikin da ya dogara kan damtse da tsokar ciki. A watan Maris na 2021, tana gab da cika shekara 41, ta zo ta biyu a ɓangaren mata, bayan Lina Korsgren ta Suwidin. Daga kakar 2022 zuwa 2023 hukumar FIS ta daidaita nisan tseren maza da mata a Kofin Duniya, aka fara bai wa mata kilomita 50, sannan a kakar da ta biyo baya ta haramta man santsi mai sinadarin fulorin da aka yi amfani da shi a duk tsawon zamanin Bjørgen, saboda illarsa ga muhalli da lafiyar ma'aikatan da ke shaƙar hayaƙinsa.